Ciwon dajin da ke kama hanji: Matsalar tiyatar farko a kudancin Kano

A garuruwa da ƙauyukan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kamar dai sauran sassan ƙasar Hausa, akwai wata magana da ta daɗe a bakin jama'a, cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe. Abin nufi shi ne, da zarar an taɓa shi da allura ko wuƙar likita, to an tsokano shi ke nan, sai ya bazu a jiki.

Likitoci sun shafe shekaru suna yaƙi da wannan magana, kuma suna da hujja, domin ta zaunar da mutane da dama a gida ko a hannun masu maganin gargajiya, har zuwa lokacin da babu sauran abin da asibiti zai iya yi musu.

To sai dai kuma akwai wani rukuni na ciwon daji da ba kasafai ake samunsa ba, wanda ke tsirowa a can cikin ciki yana manne wa hanji, inda maganar ke da ɗan ƙamshin gaskiya ta wata fuska. Wuƙar likitan fiɗa ce kaɗai ke iya raba mutum da shi. Amma idan aka buɗe cikin ba tare da an san abin da za a tarar ba, aka yanke wani sashe na ƙarin aka bar saura, ko kuma ya fashe ana cikin aiki, to sau da yawa damar warkewa ta tafi ke nan, ko da daga baya an kai majinyacin asibiti mafi inganci a duniya.

Saboda haka tambayar da ke gaban hukumomin lafiya a Jihar Kano ita ce, a ina ake yin wannan tiyata ta farko, kuma wane ne ke yin ta?

Dajin da ke tasowa daga nama

Likitoci na kiran wannan rukuni da suna sarkoma. Galibin cututtukan dajin da jama'a suka sani, irin su na mama da na bakin mahaifa, suna farawa ne daga shimfiɗar da ta lulluɓe gaɓoɓin jiki. Shi kuwa sarkoma daga ainihin nama yake tasowa, wato kitse da tsoka da bangon jijiyoyin jini da makamantansu. Bai wuce kimanin kashi 1 cikin 100 na dukkan dajin da ke kama manya ba, kuma ya kasu fiye da iri 50, kowane da halinsa.

Iri biyu ne suka fi shafar hanji.

Na farko yana tsirowa ne a bayan tantanin da ya naɗe kayan ciki, kusa da ƙoda da manyan jijiyoyin jini. Wurin yana da yalwa, don haka ƙarin kan yi watanni ko shekaru yana girma cikin ruwan sanyi, babu zafi babu zazzaɓi, yana ture babban hanji da ƙoda gefe guda. A wani nazari da aka yi kan majinyata 1,007 da aka yi wa aiki a manyan cibiyoyi 8 na Turai da Amurka ta Arewa tsakanin 2002 da 2011, matsakaicin girman ƙarin a lokacin tiyata ya kai santimita 20, kusan girman ƙwallon ƙafa ke nan. Wannan fa a ƙasashen da na'urar ɗaukar hoton ciki ke ko'ina.

Na biyu, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da GIST, yana fitowa ne daga bangon tumbi ko na ƙaramin hanji. Shi kan bayyana da zubar jini a ɓoye, bayan gida ya yi baƙi, jini ya yi ta raguwa, mutum ya riƙa jin jiri da kasala.

A Turai da Amurka, inda ake da cikakken lissafi, nau'in farko na kama mutum 3 zuwa 10 cikin miliyan guda a shekara, na biyu kuma 10 zuwa 15. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna cewa ƙananan hukumomin nan huɗu na da mutane sama da dubu 800 a jimlace, kuma ko shakka babu sun haura miliyan guda tun daga lokacin. Idan aka auna da ma'aunin Turai, da wuya masu kamuwa da nau'o'in biyu su wuce mutum 30 a shekara a duk faɗin yankin, mai yiwuwa ma ba su kai haka ba, tun da cututtukan sun fi kama waɗanda suka haura shekara 50, alhali akasarin jama'ar yankin yara ne da matasa.

Wannan ƙaramin adadi shi ne tushen matsalar. Likitan da ke aiki a babban asibitin ƙaramar hukuma zai iya shafe shekaru bai ga irin wannan ƙari ba sai sau ɗaya ko sau biyu. Komai ƙwazonsa, babu yadda za a yi hannunsa ya saba da aikin da ba ya zuwa gabansa.

Kafin a kai ga sanin sunan cutar

Idan cikin dattijo ya fara kumbura a Tudun Wada ko Kiru, abubuwa da dama ne ke zuwa zuciyar ma'aikacin lafiya kafin sarkoma, kuma ba laifinsa ba ne. Ciwon hanta ya yawaita a arewacin Nijeriya. Akwai tarin fuka da ke sauka a ciki. Akwai kumburin saifa sakamakon zazzaɓin cizon sauro ko tsargiya, musamman a yankunan noman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Bebeji. Idan mace ce, ƙarin mahaifa ake fara zato. Mai baƙin bayan gida kuwa, yawanci maganin gyambon ciki ake ba shi, a kantin magani ma tun kafin ya je asibiti.

Na'urar sikanin da ake dubawa da ita a ƙananan asibitoci za ta nuna cewa akwai wani abu a ciki, amma ba ta iya bayyana iyakarsa, ko ta nuna wace jijiya ya naɗe, ko wane ɓangaren hanji ya kama. Wannan aikin babbar na'urar siti sikan ne, kuma irin waɗannan na'urori a birnin Kano da Zariya suka taru.

Majinyacin da ya taso daga Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, sai ya ratsa dajin Falgore, wanda a shekarun baya ya yi ƙaurin suna wajen fashi da satar shanu, ya wuce Tudun Wada, kafin ya iso Kwanar Ɗangora a ƙaramar hukumar Kiru, inda hanyar ta haɗu da babban titin Kano zuwa Zariya. Daga nan ne yake da zaɓi biyu: ya nufi arewa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ko ya yi kudu zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Tafiyar ba ta yini guda ba ce. Hoto rana guda, karɓar sakamako wata rana, ganin likita wata rana dabam, kuma kowane zuwa da ɗan rakiya da kuɗin mota da na abinci. Iyalan da ke dogaro da masara da shinkafa kan jinkirta irin wannan tafiya sai kaka ta yi an sayar da amfanin gona. Shi kuwa ƙarin ba ya jiran kaka.

A irin wannan hali, idan wani asibiti na kusa ya ce zai buɗe ya cire a kan kuɗi kaɗan, da wuya iyali su ƙi.

Darasin Milan da Paris

Abin da ke yaudarar likitan da bai saba ba shi ne, sarkoman bayan ciki kan zo a cikin wani abu mai kama da kwanso, har ya zama kamar za a iya ɓare shi a ɗago shi cikin sauƙi. A haƙiƙa kwanson ba katanga ba ne. Ƙwayoyin cutar sun riga sun ratsa shi sun shiga kitsen da ke kewaye da kuma gaɓoɓin da ke jingine da shi. Wanda ya ɓare ƙarin ya rufe ciki zai ga kamar aiki ya yi kyau, iyali su yi murna, amma bayan shekara guda ko biyu sai ciwon ya dawo a wurare da dama lokaci guda.

A shekara ta 2009 wasu rukunonin likitoci biyu, ɗaya ƙarƙashin Alessandro Gronchi na cibiyar ciwon daji ta Milan a Italiya, ɗaya kuma ƙarƙashin Sylvie Bonvalot ta cibiyar Gustave Roussy da ke kusa da Paris a Faransa, sun wallafa sakamakon da ya sauya yadda ake kallon aikin. Sun nuna cewa idan aka cire ƙarin a dunƙule, tare da gaɓoɓin da ke manne da shi, galibi ƙoda guda da wani yanki na babban hanji, to dawowar cutar a cikin ciki na raguwa sosai. Binciken na Faransa, wanda ya ƙunshi majinyata 382, ya kuma nuna cewa fashewar ƙarin a lokacin aiki na daga cikin abubuwan da ke rage tsawon rayuwar majinyaci.

Wasu ƙwararru a Amurka sun soki wannan salo a lokacin, suna ganin ana sadaukar da gaɓoɓi masu lafiya ba tare da isasshiyar hujja ba. Muhawarar ce ta kai ga kafa wata ƙungiyar haɗin gwiwa ta likitocin Turai da Amurka a 2013, kuma sannu a hankali aka daidaita a kan cewa faɗin yankan ya danganta ne da irin sarkoman. Wanda ya taso daga kitse, wanda shi ne ya fi yawa, yana buƙatar yanka mai faɗi domin shi ne mai yawan dawowa a wurinsa. Wanda ya taso daga tsoka ko bangon jijiya kuwa, ya fi tsallakawa zuwa huhu da hanta.

Ma'anar wannan ita ce wajibi ne a san irin ƙarin tun kafin a ɗauki wuƙa. Ana yin haka ne ta hanyar sa wata allura ta musamman, yawanci ta baya, a ɗebo ɗan tsinken nama a kai ɗakin gwaji. A nan dai maganar cewa daji ba ya son allura ba ta da tushe, domin bincike ya nuna cewa da ƙyar ake samun cutar ta bi sawun irin wannan allura. Abin da ƙwararru ke gargaɗi a kai shi ne a tsaga ciki don kawai a yanko samfuri.

Aikin kansa kan ɗauki sa'o'i masu yawa. Yana buƙatar likitan hanji, da na ƙoda, wani lokaci har da na jijiyoyin jini, a ɗaki guda. Yana buƙatar tabbacin cewa ƙodar da za a bari tana aiki, da ledojin jini a ajiye, da ƙwararren likitan sa barci, da gado a sashen kulawa ta musamman. Duk da wadatar waɗannan abubuwa a cibiyoyi 8 da aka ambata a baya, kimanin kashi 16 cikin 100 na majinyatan sun gamu da matsala mai tsanani bayan aiki, kuma kusan kashi 2 cikin 100 sun rasu cikin kwana 30.

Haɗarin da aka fi tsoro shi ne ɗinkin hanjin ya yoyo bayan wasu kwanaki. Idan an lura da wuri, ana iya komawa a gyara. Idan kuma dare ya yi babu mai auna bugun zuciya da zafin jikin majinyacin, to kafin gari ya waye lamarin kan fi ƙarfin kowa. Wani babban bincike da Farfesa Bruce Biccard na Jami'ar Cape Town ya jagoranta a ƙasashen Afirka 25, wanda mujallar Lancet ta wallafa a 2018, ya gano cewa waɗanda aka yi wa tiyata a nahiyar sun ninka matsakaicin duniya wajen yiwuwar mutuwa, duk da cewa sun fi ƙuruciya da ƙoshin lafiya. Kuma akasarin mace-macen sun auku ne a kwanakin da suka biyo baya, a ɗakin kwanciya.

Tara aikin a wuri guda

Ƙasashen da suka yi nisa a wannan fanni sun bi hanya guda ce. A 2006 hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Birtaniya ta ba da shawarar cewa duk tawagar likitocin da za ta riƙa kula da sarkoman nama, to ta kasance tana ganin sababbin majinyata aƙalla 100 a shekara. Faransa kuma ta kafa wata hanyar sadarwa ta cibiyoyi 26 a 2010, kuma nazarin da aka fitar a 2019 kan dubban majinyata ya nuna cewa waɗanda aka yi wa tiyatar farko a ɗaya daga cikin cibiyoyin sun fi sauran daɗewa a raye.

Kano na da yawan jama'ar da zai ɗauki irin wannan tsari. Ƙidayar 2006 ta ba jihar kimanin mutum miliyan 9.4, ban da majinyatan da ke kwararowa daga Jigawa da Katsina da Bauchi da ma Jamhuriyar Nijar. Idan da dukkan masu irin wannan ƙari na zuwa hannun tawaga guda, to cikin 'yan shekaru za ta tara ƙwarewa mai kyau. Idan kuwa suka warwatsu tsakanin asibitocin tarayya da na jiha da masu zaman kansu, kowa ya yi biyu ko uku a shekara, to babu wanda zai goge.

Wannan ya saɓa wa abin da 'yan siyasa suka saba alkawartawa, wato a kawo komai kusa da jama'a. Ga haihuwa da zazzaɓi da allurar rigakafi, kusanci shi ne magani. Ga ciwon da ke kama mutum kaɗan, babban taimakon da asibitin Tudun Wada ko na Doguwa zai yi wa majinyaci shi ne ya yi zargin cutar da wuri, ya dakatar da hannunsa, ya tura shi da takarda zuwa ga likitan da ke jiran sa. Wannan kuma ba ya buƙatar sabon gini. Yana buƙatar ƙa'ida a rubuce, da lambar wayar da za a kira a amsa, da kuma wanda zai ɗauki nauyin kuɗin hoton farko.

Injin gashi ba shi ne amsa ba

A 'yan shekarun nan hankalin gwamnatoci ya karkata ne ga injinan gashin daji. A watan Janairun 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da cibiyar kula da masu ciwon daji da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta gina a Giginyu, a birnin Kano. A watan Yulin 2025 kuma gwamnatin tarayya ta buɗe wata a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Babu mai musun amfanin waɗannan cibiyoyi a ƙasar da hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta ƙiyasta cewa an sami sababbin masu cutar 127,763 a shekara ta 2022, yayin da 79,542 suka mutu. Mata masu dajin bakin mahaifa da na mama sun daɗe suna bin layin watanni domin gashi.

Amma ga mai sarkoman bayan ciki, labarin dabam ne. Wani gwaji da aka yi kan majinyata 266 a Turai da Amurka ta Arewa, wanda aka wallafa a 2020, ya kwatanta waɗanda aka gasa kafin tiyata da waɗanda aka yi wa tiyata kawai, kuma bai sami bambanci a jimlace ba, ko da yake an ga alamun amfani ga wasu nau'o'in na kitse. Shi ma GIST ba a cika yi masa gashi ba. Abubuwan da ke ceton irin waɗannan majinyata su ne ma'ajiyar jini mai wutar lantarki, da ma'aikaciyar jinya mai kwana a bakin gado, da sinadaran ɗakin gwaji, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ake gayyatar shugaban ƙasa ya yanke masa ƙyalle.

Kazalika asusun tallafa wa masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara aiwatarwa a 2021 a asibitoci 6, ciki har da na Zariya a madadin arewa maso yamma, ya soma ne da cututtuka uku kawai: dajin mama, da na bakin mahaifa, da na furostet da ke kama maza. Zaɓin yana da ma'ana idan aka dubi yawan masu fama da su, sai dai ya bar mai ciwon da ba a saba gani ba a waje.

Idan hanji ya toshe da dare

Duk wannan bayani na tsari yana aiki ne idan akwai lokaci. Wani lokaci babu. Majinyaci kan iso asibitin ƙaramar hukuma da tsakar dare, ciki ya kumbura, yana amai, kwana uku bai yi bayan gida ba, ko kuma jini na zuba. Likitan da ke bakin aiki zai yi zaton hujewar hanji ce sakamakon taifot, wadda ke cikin manyan dalilan buɗe ciki na gaggawa a Kano. Sai ya buɗe ya tarar da abin da bai yi tsammani ba.

A 2015 wani kwamitin ƙwararru na mujallar Lancet ya ce kamata ya yi akasarin jama'a su iya isa wurin da za a yi musu tiyatar gaggawa cikin sa'a 2, kuma kowane mutum dubu 100 su sami ƙwararrun likitocin fiɗa da sa barci da haihuwa guda 20. Shirin tiyata na ƙasa da Nijeriya ta fitar a 2019 ya nuna cewa adadinta bai kai 2 ba. A watan Maris na 2024 kuma ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kimanin dubu 15 zuwa 16 ne suka bar ƙasar cikin shekaru biyar. Waɗanda suka rage sun fi taruwa a birane.

Ke nan wanda ke riƙe da wuƙa a wannan dare sau da yawa likita ne na gama-gari, shi kaɗai. Shawarar da ƙwararru ke bayarwa a irin wannan yanayi ita ce ya ceci rai kawai: ya tsayar da jini, ya buɗe wa hanji hanya, ya bar ƙarin yadda yake, ya rufe, ya tura gaba. Shawara ce mai wuyar bi, domin sai ya fito ya shaida wa dangin da suka sayar da akuya ko suka jinginar da gona cewa an yi aiki amma ƙarin na nan.

Buɗe wa hanji hanya kuma na iya nufin fito da bakinsa ta gefen ciki, a manna jakar da bayan gida zai riƙa taruwa. A tiyatar da aka shirya, galibi ana haɗa hanjin nan take ba sai an sa jaka ba. A ta gaggawa ce aka fi buƙatar ta, kuma sau da yawa ta wucin gadi ce.

Tsoron wannan jaka na sa wasu su ƙi amincewa da aiki gaba ɗaya. Tambayar farko da Musulmi ke yi ita ce makomar alwalarsa da sallarsa, da ko zai iya shiga sahu ranar Juma'a. Malaman fiƙihu da dama sun ɗauki mai jakar a matsayin mai uzuri, kamar mai yoyon fitsari, wanda sallarsa ta inganta. Sai dai wannan bayani bai cika isa kunnen majinyaci kafin a miƙa masa takardar sa hannu ba. Sa'an nan jakunkunan daga waje ake shigo da su, ba a samun su a kantunan maganin ƙauye, lamarin da ke sa wasu komawa ga leda da filasta, fata ta yi ta saɓulewa.

Ƙwayar magani da gwajin da ke gabanta

Wurin da kimiyya ta yi babban tsalle shi ne GIST. A 1998 wani masani ɗan Japan, Seiichi Hirota, ya gano sauyin ƙwayar halittar da ke haddasa akasarinsa. A watan Maris na 2000 likita Heikki Joensuu ya fara bai wa wata majinyaciya a Helsinki, babban birnin Finland, wani sabon magani mai suna imatinib, wanda kamfanin Novartis ya fitar da sunan Glivec, kuma ƙarin da ya riga ya bazu ya lafa cikin makonni. Amurka ta amince da maganin ga wannan cuta a 2002.

Ƙwaya ce da ake haɗiya kullum a gida. Tana iya rage girman ƙarin kafin tiyata, ta yadda ba sai an cire tumbi gaba ɗaya ko yanki mai tsawo na hanji ba. Bayan tiyata kuma, wani gwaji da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa shan ta na shekara 3 ya fi na shekara 1 amfani ga waɗanda cutar ke da haɗarin dawo musu.

Tun daga 2003 ake raba maganin kyauta a Nijeriya ƙarƙashin wani shirin tallafi na Novartis da gidauniyar Max, amma na tsawon shekaru cibiyar rabon guda ce tilo, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Ga mutumin Doguwa, tafiyar yini guda cur ce a mota, zuwa garin da bai san kowa ba. Daga baya samfurin da kamfanonin Indiya ke yi ya shigo kasuwa da rahusa, ko da yake faɗuwar darajar naira tun daga watan Yunin 2023 ta ɗaga farashin duk wani maganin da ake shigowa da shi.

Amma kafin a kai ga maganar farashi, akwai wani mataki da ake tsallakewa. Ba a iya bambance GIST da sauran ƙari da ido. Sai an kai naman ɗakin gwaji, an yi masa wani rini na musamman da ke nuna alamar da likitoci ke kira CD117. A asibitoci da dama a Nijeriya, dangi ake miƙa wa abin da aka ciro a cikin roba, a ce su kai birni su biya a gwada. Iyalin da kuɗinsu ya ƙare a ɗakin tiyata, ga shi kuma majinyacin ya fara cin abinci, kan ga babu dalilin wata tafiya. Wasu su binne naman. Da haka ne mutumin da ƙwayar magani za ta iya ƙara wa shekaru masu yawa ke komawa gida bai san sunan ciwonsa ba.

Irin wannan giɓi na bayyana a lissafi. Wani nazari na rajistar ciwon daji ta Kano da aka wallafa a 2008 ya tarar da mutum 1,990 ne aka rubuta tsakanin 1995 da 2004, wato kimanin 200 a shekara, a jihar da ke da miliyoyin jama'a. Waɗanda aka tabbatar da cutarsu a ɗakin gwaji ne kawai suka shiga littafin.

Wa zai biya?

Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. Jihar Kano ta yi dokar kafa hukumar asusun taimakekeniyar lafiya a 2016, kuma a 2022 gwamnatin tarayya ta sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa. Irin waɗannan tsare-tsare sun fi sauƙin aiki ga mai albashi, wanda ake cire kasonsa tun daga tushe. Manomin Kiru da ɗan kasuwar shinkafa a Tudun Wada ba su da takardar albashi, kuma janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ninka musu kuɗin motar zuwa birni.

Haka nan kuma lissafin ba ya ƙarewa ranar sallama. Sarkoman da ya taso daga kitse na iya dawowa bayan shekara 5, ko ma 10, saboda haka ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce a riƙa ɗaukar hoton ciki duk bayan 'yan watanni a shekarun farko, daga baya kuma sau ɗaya a shekara. Idan aka gano dawowarsa yana ƙarami, ana iya sake aiki. Ga majinyacin da ke Riruwai, kowane hoto na nufin sake ratsa Falgore, da sake tsayawa a Kwanar Ɗangora, da kuma kuɗin da sau da yawa ya kai na buhun masara ko fiye, a daidai lokacin da jikinsa ke shaida masa cewa ya warke.